Wayoyin da Gwaggo Hajo Ta Ɗaure

Tun cikin Mami yana wata shida nake ɗauke da wata damuwa da na rasa wanda zan faɗa wa ya ɗauke ta da muhimmanci. Ba naƙuda nake tsoro ba, na yi ta fari na san iyakarta. Teburina nake tunani. Ciki da falo muke haya a nan Dutsin-Ma, a kusurwar falon nake aiki, kuma na san da zarar na haihu mata za su cika gidan, kowace da hannunta, kowace tana son ta taimaka. Ina shara ina kallon teburin, ina tuƙa tuwo ina tunaninsa. Na taɓa ce wa Baban Walid, wato maigidana, ya samo mini kwalaye in kwashe komai tun da wuri. Ya ce, "Saura wata uku fa, Zulai. Ke dai ba kya rabo da zullumi." Gaskiya ya faɗa, haka Allah ya yi ni.

Ku 'yan matan unguwa da kuke ɗaga labule kuna cewa, "Anti Zulai, ke kam kin more, aikinki a inuwa ga fanka, ki koya mana mana," saboda ku nake wannan rubutu, tunda in na fara bayani da baki waya kuke latsawa. Ban yi nisa a boko ba, a aji biyar na firamare na tsaya, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar.

Abin da nake gyarawa ana ce masa fawa-fak, mu dai fak muke cewa. Akwatin ƙarfe ne da ke zaune a cikin kwamfutar tebur, girmansa bai wuce ƙaramar kular abinci ba. Shi yake karɓar wutar bango ya sauke ta, ya raba wa kowane ɓangare gwargwadon cikinsa, wannan sha biyu, wannan biyar, wancan uku da ɗoriya a ma'aunin ƙarfin wuta. Kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu ƙaramin fak ya ishe ta. Amma injinan samarin nan masu wasan gem, da masu haɗa bidiyon biki, da ɗalibai masu zanen gini, suna da wani abu a ciki da ake kira katin hoto, shi kaɗai ya fi firji shan wuta. To irin su sai babban fak, mai wat ɗari takwas da hamsin, ko dubu, ko sama da haka. In kika ɗauke shi sai kin ji hannunki ya yi ƙasa.

A Kurfi na koya, a rumfar Babanmu, mai gyaran rediyo ne. Yayyena maza noma da acaɓa suka fi so, sai ni na maƙale masa. Ni nake riƙe tocila, ni nake fifita gawayin da yake ɗora ƙarfen liƙi a kai, don a lokacin ba shi da na lantarki. Na daɗe a rumfar bai bar ni na taɓa dalma ba. Aikina kawai in kwance sukurori in jera su a murfin gwangwani yadda suka fito, in mayar da su yadda suka shiga. In aka rufe rediyo guda ɗaya ya rage, sai ya ɗaga shi ya ce, "Zulai, wannan marayan fa, ɗan wa ne?" Dole a sake buɗewa. Ranar kasuwa mutanen ƙauye suna tsaye suna jira, ni ina kuka ina neman ramin sukur. Shi ya koya mini in shinshina allon da kayan ciki suke liƙe a kai kafin in ɗauki mita, don abin da ya ƙone ba ya iya ɓoye warinsa.

Kayan aikina yanzu ba su da yawa. Ƙarfen liƙi da dalma, mita mai allura biyu ja da baƙa, sukudireba manya da ƙanana, tsohon buroshin haƙori, sai wani ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, wanda na liƙa wa waya biyu. In gobara ta tashi aka ce in ɗauki ɗaya, ƙwan nan zan ɗauka, ga kuma dalili.

Babban fak na farko da na buɗe na wani ɗalibi ne. Baban Walid yana da shago kusa da ƙofar jami'a, yana haɗa kwamfuta yana sa mata abubuwan da take aiki da su, amma liƙi ba hannunsa ba ne. Da, duk fak ɗin da ya mutu sai a ce a kai Katsina ko a sayi sabo. Ranar ya kawo wannan gida ya ce in gwada sa'ata. Na buɗe na iske tsaka ta shiga ta ramin fanka ta kwanta a kan allo, har ta bushe. Na kai hannu in ɗauke ta, tunda tun safe ba a jona shi ba. Ashe akwai wani abu a ciki kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, kafasita, wanda yake riƙe wuta ko an zare daga bango, kuma na babban fak ba irin na rediyo ba ne. Ya fizge ni sai da gwiwar hannuna ta daki gini, na yini ina jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Walid yana rarrafe a lokacin, yana nan a bakin ƙafata. Daga ranar ba na sa hannu a cikin fak sai na ɗora wayoyin ƙwan nan a ƙafafun kafasita, ya kawo haske ya dushe a hankali, sannan in auna in tabbata babu saura. Kuma ba na buɗe fak sai yaro yana goye ko yana barci.

Masu kawo aiki kowa da halinsa. Wani zai rantse bai yi komai ba, kunnawa kawai ya yi ya ji ɗas, in na buɗe in ga janareta ce ta yi masa ambaliya. Wani ya sayo fak an rubuta wat dubu a jiki, in na buɗe in iske kayan cikin ƙarami ne, an liƙa guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannun mai saye. Irin wannan ba na gyarawa, mayar masa nake yi in ce ya nemi na gaske, ko zai ji haushi. Amma babban mai kawo mini aiki shi ne Bashir, da samari suke kira Bash, mai gidan gem a bakin titi. Manyan injina huɗu gare shi, yara suna biya su zauna suna tseren mota da ƙwallo da harbe-harbe. Zafin bazara da rabin wuta suna cinye masa fak, don haka da wuya teburina ya rabu da kayansa. A zaure yake tsayawa ya ɗaga murya ya ce, "A gaida Injiniya," in amsa daga ciki.

To yanzu ku saurara, nan maganar take. Ƙananan fak wayoyinsu a manne suke, daga ciki suka tsiro. Manyan nan masu tsada kuwa cire wayoyinsu ake yi, kowace da ramin da take shiga a jikin fak ɗin. Duk baƙaƙe ne, kawunansu kusan iri ɗaya, wayar wannan kamfani takan shiga ramin wancan ta zauna daram har a ji ƙas. A ciki ne suka bambanta. Inda wannan ya biyo da wutar sha biyu, wancan biyar ya biyo da ita, ko ma babu komai. Kowane fak da 'ya'yansa. Shi ya sa nake cewa a haɗo mini da wayoyi in za a kawo aiki, in ajiye fak in tara masa nasa a kansa, in ba shi wurinsa daban, ɗaya a kan tebur, ɗaya a ƙarƙashi, ɗaya a kan kujerar roba. Wanda ya shigo zai ce tarkace aka watsar. In na gama, kowane da nasa nake zubawa a leda in ƙulle, Baban Walid ya ɗauka ya tafi. Bai taɓa tambayar dalili ba, don kullum a ƙulle suke iske shi.

Mami ba ta jira watanta ya cika ba. A goman ƙarshe na azumi naƙuda ta kama ni da hantsi, ƙarfen liƙi yana hannuna. Abin da na iya yi kawai na zare shi daga bango. Fak uku ne a ɗakin: biyu na Bash, na gama su ban ƙulle ba, ɗaya na wani ɗalibi mai zanen gini, Aliyu, shi ma saura gwaji kawai. Da yake yarinyar ta zo da wuri, sai aka riƙe mu a asibiti na 'yan kwanaki. Kafin a sallame mu Gwaggo Hajo, yayar Babanmu, ta iso daga Dabawa da ƙullin kayanta da kanwa da zabuwa guda da za a yi mini farfesu. Ita ce za ta yi mini wankan jego.

Na dawo na iske falo kamar ba nawa ba. An share, an goge, an turara. Fak ukun an jera su a kan tebur an lulluɓe da zani. Wayoyin kuwa Gwaggo ta tattara su kaf, ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, ta ware dogaye daban gajeru daban, ta ɗaure kowane dami da kaba kamar tsintsiya, ta rataye a ƙusa. Maganar gaskiya, ban taɓa ganin wayoyi sun yi kyau haka ba.

"Kin ga yadda na kimtsa maki igiyoyin nan," in ji ta. "Mata su zo barka su iske ɗaki kamar maƙera? Haba ɗiyata."

Na ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Me zan ce? Tsohuwa ta baro awakinta, da azumi a bakinta take hura wuta tana dafa ruwa tana yi mini wanka safe da yamma, kuma sunanta aka sa wa jaririyar, shi ya sa muke ce mata Mami. Na ƙudurta in na ɗan ji ƙarfi zan raba su da kaina. Na so in ja kunnen Baban Walid, amma mai jego ba ta samun keɓewa da mijinta. Gwaggo tana kan tabarma a bakin ƙofa, shi kuma daga tsakar gida yake gaisuwa ya wuce. Wayar hannuna ma ta ɗage ta, wai haskenta yana kashe idon mai jego.

Jajiberin Sallah Bash ya matsa. Gobe yara za su fito da kuɗin barka da Sallah, shi kuma injina biyu suna kwance. Ina bayan gida Gwaggo tana watsa mini ruwan zafi da ganye, Baban Walid ya shigo ya ɗauki fak biyun. Bai ga leda ba, sai ya kwance damin, ya riƙa gwada kawunan a ramuka, wadda ta shiga ta zauna ya ɗauka. Ko da na fito na ga kaba a ƙasa sai na gane abin da ya faru. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ba ni wayata." Ta ga fuskata ba ta yi gardama ba. Na yi ta kira yana kan babur bai ji ba. Da ya ɗauka, daga yadda ya yi sallama na san an riga an yi.

Na farkon da suka jona shi ne mafi tsada a shagon. Suna dannawa ya ce ɗas, hayaƙi ya fito. Katin hoto ya tafi, faifan da aka ajiye dukan wasannin ya tafi. Allah ya taimaka ba su kunna na biyun ba.

Tare suka zo da Bash, suka tsaya a zaure, ina jin su ta taga.

"Oga, ni ban zo faɗa ba," in ji Bash. "Amma katin nan wata nawa na yi ina jiransa daga Legas? Lafiyarsa ƙalau. Fak kawai na kawo a duba. Kai ka ce mini madam ta iya."

"Ka yi haƙuri, Bashir. Ƙaddara ce."

"Na sani ƙaddara ce. Gobe kuma Sallah."

Ya tafi da kayansa bai aiko da gaisuwa ciki ba. Baban Walid ya shigo tsakar gida ya tsaya jikin taga, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce, "In kin yi arba'in teburin nan zai fita daga ɗakin nan. Ni nake zama a bakin titi, ni ake nunawa da baki."

Na ce, "Gyaran ba shi da laifi. Wayoyin ne aka cuɗa."

"Waya ta shiga rami ta zauna, me kuma ya rage?"

Sai na ga Gwaggo ta daina tankaɗen da take yi.

Sai a wankan yamma ta tayar da maganar. Ta tsoma ganye a ruwa ta riƙe ba ta ɗago ba, ta ce, "Mi kika ce game da igiyoyin nan?"

Na ce ba komai, maganar aiki ce.

"Ki faɗa mani. Na haifi wanda ya girme ki."

Sai na ce, "Gwaggo, kin tuna da aka kwantar da Kawu za a ƙara masa jini, 'ya'yansa suka miƙa hannu, aka ce na mutum ɗaya kawai zai yi?"

"Na tuna. Na ce masu ba duk ja ba ne, suka yi mani dariya."

"To haka wayoyin nan suke. Duk baƙaƙe ne, amma kowane akwati da nasa."

Can ta ce, "Ashe ni na kashe ma yaron mutane inji."

"Ba ki sani ba, Gwaggo."

"Wuta tana tambayar ko ka sani?" Ta ɗago ganyen ta ci gaba da wankan, ranar ko sau ɗaya ba ta ce in daina noƙewa ba.

Bayan Sallah Aliyu ya zo. Labari ya riga ya kai masa, don a bakin jami'a magana ba ta kwana. Daga zaure ya ce a miƙo masa kayansa haka nan, zai kai Katsina. Na yafa mayafi na tsaya bayan ƙyaure na ce, "Malam Aliyu, in na ɗebo maka wayoyi daga damin nan, ko ina ka kai su abin da ya samu Bash zai same ka. Ka ba ni zuwa Juma'a."

"Anti, zanen shekara guda ne a cikin injin nan. Da shi zan fita daga makaranta."

"Ka cire faifanka ka sa a aljihu. In na gama a gwada babu shi."

Ya ce to. Na san ba don ya yarda da ni ba ne, kuɗin motar Katsina ne ba shi da shi. Na kuma san in wannan ya ƙone ko bai tashi ba, ba sai an jira arba'in ba za a fitar da teburin.

Mai jego ba ta aiki, kowa ya san wannan, balle a hannun Gwaggo Hajo da ko tsintsiya ba ta bari in ɗauka. Amma washegari da na fito wanka na iske ta yaye zanin daga kan tebur, ta sa mini matashi a kujera. Ta karɓi Mami ta ce, "Zauna. In an tambaya ni na sa ki."

Ga yadda ake raba wayoyin da suka cuɗe, ku da kuke cewa aikin inuwa ne. Babbar wayar ake fara nema, mai faɗin kai, don sai da ita fak yake tashi. Wannan ba a gwada ta da wuta. Buɗe fak ɗin na yi, na sauke kafasita da ƙwaina, na riƙa bin layin allo da mita, rami rami, ina duba inda kowane zare ya fito da inda ya faɗa a ɗaya kan. Da na same ta, sai na tayar da fak ɗin shi kaɗai, babu inji a gabansa. Daga nan kowace waya in jona ta, ɗaya kan yana lilo a iska ba ya taɓa komai, in sa allura a kowane rami in karanta. Inda sha biyu ya kamata in ga sha biyu, inda babu ya kamata in ga babu. Rami ɗaya ya saɓa, ba 'yarsa ba ce, in ajiye ta gefe. Ga rashin wuta, sai an kawo in yi sauri, a ɗauke in jira. Ga bayana yana ciwo, ga nono yana zuba, in Mami ta tsananta kuka in wanke hannu saboda dalma in karɓe ta.

Na gama damin kaf na iske na Aliyu ba su cika ba. Wayoyi biyu da suke ciyar da katin hoto babu su. Suna cikin waɗanda Baban Walid ya ɗebar wa Bash.

Da Baban Walid ya dawo na faɗa masa ta taga. Ya ce, "Ni dai ƙafata ba za ta iya taka shagon Bashir ba yanzu."

Gwaggo tana jin mu. Da safe ta miƙo mini Mami, ta yafa babban mayafinta, ta kama zabuwar nan da ba a kai ga yankawa ba ta ɗaure mata ƙafafu, ta fita ta tsayar da ɗan acaɓa. Na bi ta da kira har zaure ba ta waiwayo ba.

Da ta dawo da azahar leda ce niƙi-niƙi a hannunta, babu zabuwa. Ta zauna ta sha ruwa tukuna.

"Na shiga na iske ɗiyan mutane sun toshe kunnuwa suna harbin juna cikin talabijin," in ji ta. "Na yi ta sallama babu mai amsawa. Sai da zabuwa ta yi kuka suka waiwayo. Na ce wane ne Bashiru. Wani siriri ya taso. Na ce ni ce na ɗaure igiyoyin nan, ɗiyata tana asibiti ba ta sani ba. In ƙara za ka kai ga ni, in zagi ne ga ni, amma ka ba ni igiyoyin yaron mutane da suka biyo naka."

"Me ya ce?"

"Mi zai ce? Ya durƙusa yana Baba ki yi haƙuri, Baba ki zauna. Na ce ni na zo ba da haƙuri, kada ka ƙwace mani. Ya ce ba shi karɓar zabuwa. Na ɗaure ta a ƙafar kujera na ce ku sasanta."

Na buɗe ledar. Ba wayoyi biyu kawai ya ba ta ba, duka ya haɗo, har da fak ɗinsa biyu. Ashe tun ranar tsoron taɓa su yake yi.

Na raba su kashi uku na tara kowane a kan uwarsa. Gwaggo tana kallo ta ce, "Haka za ki sake barin su, wata tsohuwar ta zo ta yi maki gyara? Ina jan farcenki?" A Dabawa in ana biki kowace mace tana ɗiga wa gindin langarta fenti ko jan farce, don in an gama rabon tuwo kwano ya san gidansu. Kala ɗaya gare ni, don haka na Aliyu ta yi masa ɗigo ɗaya, a jikin fak da kan kowace waya, na Bash ɗaya ɗigo biyu, ɗayan uku. Hannunta ko rawa ba ya yi. Tana yi tana mita, wai mutane su sayi abu da tsadar saniya su kasa yi masa shaida.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kawo injin Aliyu zaure, don na ce a gabana za a jona. Ina bayan ƙyaure ina faɗa wa Baban Walid wadda zai sa da inda zai sa ta, yana duba ɗigo. Aliyu ya koma can bakin ƙofar waje ya tsaya, hannunsa a kan aljihun da faifan yake. Baban Walid ya yi bisimilla ya danna. Fanka ta juya, fitilu suka kama, hoto ya fito. Muka jira, muna shinshina iska. Babu wari.

Daga tsakar gida Gwaggo ta ce, "Ya tashi?"

Na ce ya tashi.

"To ki zo ki sha kununki, tun ɗazu ya huce."

Ba zan ce maku daga nan komai ya koma daidai ba. Shekarar ta yi mana tsanani. Injin Bash na huɗu a lulluɓe ya ƙare ta, kuma duk aikin da ya taso a shagonsa Baban Walid kyauta ya riƙa yi masa, har yau ba mu jin mun fita haƙƙinsa. Labarin ƙonewa ya zaga gari da ƙafa huɗu, labarin wayoyi kuwa ko zaure bai wuce ba. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Har damina ta fita awara nake soyawa, fak ɗaya in ya shigo sai in yi ta juya shi kamar baƙo.

Amma teburin bai fita ba. Ranar da na yi arba'in, Gwaggo tana ɗaure kayanta, ina jira in ji an kira masu ɗauka. Baban Walid ya shigo, karonsa na farko a falon tun jajiberin Sallah, ya ajiye 'yar leda a kan tebur. Jan farce ne a ciki, ja da kore da ruwan hoda da wani mai ƙyalƙyali. Ya ce, "Mai kantin sai kallona take yi." Ya juya ya ɗaukar wa Gwaggo ƙullinta zuwa tasha.

Ga roƙona. Kai mai babban fak, kada ka ari waya a wurin abokinka don ka ga ta shiga, kada ka sayi ta gwanjo a tire, in kuma za ka kawo gyara ka haɗo da nasa duka. Ku kuma mata 'yan'uwana, in kun je barka gidan mace mai sana'a kuka ga kayanta a warwatse, ku share gefensu ku bar su yadda suke. In hannunku ya ƙi haƙuri, don Allah ku tambaye ta kafin ku gyara mata.